Alajin Gyaɗa a Filin Wasa: Ta Ina Haɗarin Yake Shigowa?

A filayen wasan besbol na Amurka, soyayyiyar gyaɗa mai ɓawo ta daɗe da zama abokiyar kallo, har ma an ambace ta a cikin wata waƙa mai suna "Take Me Out to the Ball Game" da aka rubuta a 1908, wadda 'yan kallo ke miƙewa su rera a tsakiyar zagaye na bakwai. Al'adar wurin ita ce mutum ya ɓare gyaɗarsa ya watsar da ɓawon a ƙarƙashin kujera, don haka kafin a tashi daga wasa za a ga ɓawo ya rufe daɓe, ana takawa yana rugurgujewa, iska kuma tana kwasar dusarsa daga wannan layi zuwa wancan. A filayen ƙwallon ƙafa na Turai da sauran wurare ba a cika ganin ɓawo haka ba, amma gyaɗa da danginta suna nan a ɓoye cikin cakulan da kek da biskit da miyar da ake zuba wa abinci a shagunan filin. Ga yawancin 'yan kallo wannan ba abin lura ba ne. Ga wanda jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa kuwa, ko iyayen yaron da ke da wannan larura, kowane tikiti yana zuwa da tambayar ko a je ko a haƙura, kuma amsar da mutane ke bayarwa ta fi dogara ga tsoro fiye da sanin ainihin hanyar da cutarwar ke bi.

Alajin gyaɗa kuskure ne na garkuwar jiki. Garkuwar tana ɗaukar wasu furotin da ke cikin gyaɗa, waɗanda masana suka laƙaba wa sunaye irin su Ara h 1 da Ara h 2, a matsayin abokan gaba, sai ta ƙera musu dakarun kariya da ake kira IgE. Duk ranar da furotin ɗin ya sake shiga jiki, waɗannan dakaru suna sa wasu ƙwayoyin halitta su saki sinadarin histamin da 'yan uwansa a lokaci guda. Idan abin ya tsaya a fata, sai a ga borin jini da ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko fatar ido. Idan ya wuce nan ya taɓa numfashi ko zagayawar jini, to an shiga abin da likitoci ke kira anafilaksis, inda maƙogwaro ke kumbura, hanyoyin iska su tsuke, ƙarfin jini ya faɗi, kuma duk wannan yana iya faruwa cikin 'yan mintoci. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana ɗauke da furotin miligiram 200 zuwa 300, alhali akwai masu alajin da 'yan miligiram kaɗan sun isa su tayar musu da ciwo. Dafuwa ko suya ba ta kashe wannan furotin. Hasali ma gasasshiyar gyaɗa, irin wadda aka fi sayarwa a filayen wasa, ta fi dafaffiya tayar da garkuwar jiki.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun da wuri. Gyaɗa dangin wake ce, a cikin ƙasa take nuna, ba ta da alaƙar asali da 'ya'yan itatuwa masu kwanso irin su kashu da almon da walnat da fistashiyo da hazalnat. Mutum yana iya samun matsala da gyaɗa kaɗai, ko da kashu kaɗai, sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu alajin gyaɗa suna da alajin aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan 'ya'yan itatuwa. Kashu da fistashiyo kuma sukan tafi tare saboda kamannin furotin ɗinsu. Gwajin likita ne ke raba gardama, kuma wanda bai san iyakar nasa alajin ba zai ƙare ne ko dai yana gudun abin da ba ya cutar da shi, ko yana sakewa da abin da zai kayar da shi.

Babban abin da ke hana iyalai zuwa kallo shi ne tsoron iska, wato tunanin cewa ƙamshin gyaɗa ko ƙurarta kaɗai na iya shaƙe yaro. Tsoron yana da dalili, domin duk wanda ya taɓa ganin ɗansa yana kokawar numfashi ba zai so ya sake kusantar abin da ya jawo hakan ba. Amma binciken da aka yi bai goyi bayan wannan tsoro yadda ake zato ba. Ƙamshin gyaɗa yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu saurin bin iska, waɗanda ba furotin ba ne, kuma garkuwar jiki ba da su take faɗa ba. A 2003 likitocin asibitin Mount Sinai da ke New York sun wallafa gwajin da suka yi da yara 30 masu tsananin alajin gyaɗa: an ajiye markaɗaɗɗiyar gyaɗa kusa da fuskarsu suna shaƙar ƙamshinta har minti 10, an kuma manna musu kaɗan a fata na minti ɗaya. Babu yaro ko ɗaya da numfashinsa ya taɓu ko ciwon ya game masa jiki, sai dai kashi ɗaya cikin uku sun sami ja ko ƙaiƙayi a daidai inda gyaɗar ta taɓa. A shekarar da ta biyo baya, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun sa mutane suna ɓare gyaɗa suna ci, suna ɗauke da na'urar auna iska, ba su kuma gano furotin ɗin a cikin iskar ba. Binciken da ya zo daga baya da na'urori masu kaifi ya nuna cewa ana iya samun ɗan kaɗan a daidai saman gyaɗar lokacin da ake ɓare ta, amma nan da nan yake sauka, ba ya yawo a sarari.

Wannan ba ya nufin mutum ya zauna a tsakiyar masu ɓare gyaɗa hankali kwance. Gutsuren ɓawo da jan fatar gyaɗa abubuwa ne da ido ke gani, iska mai ƙarfi tana iya jefa su a ido ko a cikin buɗaɗɗen kofin lemo, musamman ga wanda ke zaune a layin ƙasa yayin da masu ci ke sama da shi. Abin da binciken ke nunawa shi ne ciwo mai barazana ga rai kusan kullum ta baki yake shigowa, kuma dusar da ta sauka daga iska ba ɓacewa take yi ba, kan kujera da madogarar hannu da ƙarfen matakala take kwanciya tana jiran hannu. A nan ne lissafin yake komawa kan hannu. Yaro ɗan shekara biyar zai dafa kujera, ya sunkuya ya ɗauko abin wasansa da ya faɗi cikin ɓawo, ya murza ido, sannan ya sa yatsu a baki, duk kafin mahaifiyarsa ta waiwayo daga kallon allon sakamako. Wannan gajeriyar tafiya daga daɓe zuwa baki ta fi duk ƙamshin da ke filin haɗari.

Wancan bincike na Johns Hopkins ya amsa tambayar abin da ke wanke furotin ɗin daga hannu, kuma amsar ta ba mutane da yawa mamaki. Sabulu da ruwa sun cire shi, jiƙaƙƙen tishun goge hannu ma ya cire shi, amma ruwa zalla ya bar saura a wasu hannuwan, sinadarin tsaftace hannu mai barasa kuma ya bar saura a rabin hannuwan da aka gwada. Dalilin a fili yake: barasa ƙwayoyin cuta take kashewa, furotin kuwa ba rai gare shi ba balle a kashe shi, sai dai a goge shi a ɗauke. Saboda haka kwalbar sinadarin da aka saba ratayawa a ƙofar filin wasa ba ta da amfani a wannan fage. Ƙunshin jiƙaƙƙen tishu shi ne kayan aikin, a goge kujera da madogararta da wurin ajiye kofi da shi kafin a zauna, a kuma goge hannu kafin a ci komai. Wasu iyayen sukan shimfiɗa mayafi a kan kujerar ƙaramin yaro, su sa masa dogon wando da rufaffen takalmi, kuma idan an koma gida a cire takalmin a bakin ƙofa. Haka nan yawu yana riƙe furotin ɗin na tsawon sa'o'i bayan an ci gyaɗa, don haka kurɓar lemo daga kofin aboki, ko busa ƙahon da magoya baya ke miƙa wa juna, hanya ce da ba a cika tunawa da ita ba.

Shagon abinci na cikin filin shi ne wurin da ya fi cancantar a ji tsoronsa. Ana hutun rabin lokaci, layi ya yi tsawo, ma'aikatan da yawansu na wucin gadi ne suna sauri su sallami ɗaruruwan mutane cikin minti 15, cokali ɗaya yana shiga wannan tukunya ya fita ya shiga waccan, man suya ɗaya ake jefa komai a ciki. A irin wannan yanayi, amsar "ina jin babu gyaɗa a ciki" daga bakin mai sayarwa ba amsa ba ce da za a ɗora rai a kanta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, tun daga Disambar 2014 wajibi ne mai sayar da abinci, ko da ba a cikin leda yake ba, ya iya ba da bayani kan abubuwa 14 masu jawo alaji, gyaɗa da 'ya'yan itatuwa masu kwanso suna ciki. Birtaniya ta ƙara da wata doka da ta fara aiki a 1 ga Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta dukkan kayan haɗi a jikin abincin da aka naɗe a wurin da ake sayar da shi; an yi dokar ne bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15, a 2016, sakamakon riɗin da ke cikin burodin da ta saya ba tare da an rubuta ba. A Amurka dokar 2004 ta wajabta bayyana manyan abubuwa takwas, riɗi ya zama na tara daga Janairun 2023, amma dokar ta shafi abincin kamfani ne da ke cikin leda ko kwali, ba ta kai ga abin da aka dafa aka miƙo a faranti ba. Rubutun nan na "mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa" kuwa ganin dama ne a yawancin ƙasashe, don haka rashinsa a jikin leda ba shaidar tsarki ba ce. Ko batun man gyaɗa yana da sarƙaƙiya: wanda aka tace sosai kusan babu furotin a cikinsa, shi ya sa dokar Amurka ta keɓe shi, amma wanda aka matse ba tare da tacewa ba yana ɗauke da furotin, kuma mai suya a shagon filin wasa da wuya ya san wanne ne a kaskonsa. A ganina, mafita mafi sauƙi ita ce a ci a ƙoshi kafin a fito, a zo da abincin gida idan an yarda, a bar shagon filin ga ruwan sha da abin da aka rufe daga kamfani.

Wani abin da ya sa ranar wasa ta bambanta da sauran ranaku shi ne yanayin jikin mai kallon kansa. Yawan furotin da ke tayar wa mutum da ciwo ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, yana hawa yana sauka. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan manya masu alajin gyaɗa, aka wallafa a 2019, ya gano cewa motsa jiki da ƙarancin barci kowannensu yana rage wannan adadi da kashi 45 cikin ɗari. An kuma san cewa barasa, da magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibuprofen, da zazzaɓi ko mura, suna iya tsananta ciwon. Idan aka dubi mai goyon bayan da ya yi sammako ya yi doguwar tafiya, ya hau matakala har saman filin, ya yini yana tsalle yana ihu, za a ga ya tara da yawa daga cikin waɗannan a rana guda. Ɓurɓushin da zai wuce masa da ɗan ƙaiƙayin baki a gida yana iya kayar da shi a nan. Mai asma kuwa, idan asmar ba ta lafa ba a 'yan kwanakin nan, ya fi kowa dalilin ɗage zuwansa, domin asmar da ba a shawo kanta ba tana cikin manyan abubuwan da ake samu tare da waɗanda alajin abinci ya yi ajalinsu.

Wasu ƙungiyoyi sun yi yunƙurin sauƙaƙa lamarin. Da dama daga cikin manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka suna ware wani sashe ko ɗakin kallo a wasu ranaku, a wanke shi sosai, a hana sayar da gyaɗa a kusa. Jami'ar Northwestern da ke jihar Illinois ta gudanar da wasan zari-ruga irin na Amurka ba tare da gyaɗa a filinta ba a 2013, sannan a 2019 ƙungiyar Hartford Yard Goats ta jihar Connecticut, wadda ke ƙaramar gasar besbol, ta daina sayar da gyaɗa a filinta baki ɗaya. Waɗannan matakai suna da amfani, musamman ga iyalin da ke son kai ƙaramin yaro kallonsa na farko ba tare da ɓawo a ƙarƙashin ƙafa ba. Sai dai su kansu ƙungiyoyin sukan yi taka-tsantsan da lafazi, su ce an rage gyaɗa ne a sashen, ba su ce an kawar da ita ba, domin hanyar shiga da bayan gida da matakala na kowa da kowa ne. Wanda ya sami irin wannan kujera ya bar allurar gaggawarsa ta adiranalin a gida ya yi mummunan ciniki. Inda babu irin wannan tsari, kujerar bakin layi kusa da mafita, ko layin can sama inda babu mai zubo ɓawo daga baya, tana biyan rabin buƙata.

Allurar adiranalin ita ce ginshiƙin duk wani shiri. Ita kaɗai ce maganin da ke dakatar da anafilaksis, tana buɗe hanyoyin iska, tana ɗaga ƙarfin jini, tana kuma hana kumburin ci gaba. Tana zuwa ne a siffar alƙalami mai harba kansa, irin su EpiPen da Jext, da awo na miligiram 0.15 ga ƙananan yara da 0.3 ga manya, likita ne ke zaɓa bisa nauyin jiki. A Agustan 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nau'in da ake fesawa a hanci. Hukumar magunguna ta Birtaniya tana ba da shawarar a riƙa ɗaukar guda biyu a kowane lokaci, saboda ɗaya na iya ƙin aiki ko ta kasa isa. Wurinta a jikin mai ita ne, ba a cikin motar da aka ajiye nesa da filin ba, domin ban da nisa, zafin cikin mota yana lalata maganin, wanda ake so a adana a tsakanin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. A yinin rana mai zafi a sa ta cikin 'yar jaka mai kare zafi, ba a kan ƙanƙara ba, a kuma duba ta tagar jikinta cewa ruwan yana nan garau bai canza launi ba. Filaye da yawa suna da tsauraran dokokin jaka. NFL, babbar gasar zari-ruga irin na Amurka, alal misali, tun 2013 jaka mai nuna abin da ke ciki take yarda da ita, amma tana sassautawa ga kayan da lafiya ta wajabta bayan an duba su. Tuntuɓar ofishin filin kwanaki kafin wasa, da riƙe takardar likita, suna hana jayayya da mai gadi a bakin ƙofa lokacin da dubban mutane ke turowa daga baya.

Idan ciwon ya taso a cikin taro, matsala ta farko ita ce gane shi, domin filin wasa yana ɓoye alamominsa. Jan fuska ana iya ɗora shi a kan rana, dashewar murya a kan ihu, haki a kan tsalle, jiri da amai kuma a kan barasa idan matashi ne. Ƙaramin yaro ba zai ce maƙogwaronsa na kumbura ba, sai dai ya ce harshensa ya yi nauyi, ko bakinsa yana yi masa yaji, ko kuma ya yi tsit ya langaɓe bayan yana cikin murna. Duk lokacin da aka ga wahalar numfashi, ko tari mai naci, ko wahalar haɗiya, ko kumburin harshe, ko alamar suma, a yi allurar nan take a gefen cinya na waje, ko ta kan wando ne, a riƙe ta na daƙiƙa 3 ko 10 gwargwadon nau'inta. Ba a jiran borin jini ya fito, don wani lokaci ba ya fitowa ko kaɗan. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana kwantar da fata ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaro, kuma jiran a ga ko za ta yi aiki shi ne jinkirin da aka fi samu a labarin waɗanda suka rasa ransu. Illar allurar da aka yi ba bisa buƙata ba yawanci ba ta wuce bugun zuciya da karkarwa na ɗan lokaci.

Matsala ta biyu ta keɓanta da irin wannan wuri, wato a kama mara lafiya a miƙar da shi a ce za a taka da shi zuwa ɗakin agajin gaggawa. Lokacin anafilaksis jijiyoyin jini suna saki, jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, miƙewa tsaye ko tafiya na iya sa zuciya ta rasa abin bugawa farat ɗaya. A kwantar da shi a inda yake, a kan layin kujeru ko a daɓen hanya, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine. Mai juna biyu kuma ta kwanta a gefen hagu. Agaji ne zai zo wurinsa. Mutum ɗaya ya tsaya tare da shi, wani ya garzaya wurin ma'aikacin filin mafi kusa, domin rediyon da ke hannunsa ya fi wayar salula saurin isa ga likitocin filin a wurin da dubban wayoyi suka cushe layin sadarwa. Abin da za a faɗa masa gajere ne: anafilaksis ne, an yi allura da ƙarfe kaza, ga lambar sashe da layi da kujera. Shi ya sa yake da kyau kowane ɗan rakiya ya haddace waɗannan lambobi tun zaman farko, ya san inda allurar take da yadda ake cire murfinta. A kira lambar gaggawa ta ƙasar ma, 911 a Amurka, 999 a Birtaniya, 112 a Tarayyar Turai. Idan minti biyar ta wuce babu sauƙi, a yi allura ta biyu a ɗaya cinyar.

Matasa da waɗanda suka fara zuwa kallo ba tare da iyaye ba su ne suka fi shiga haɗari, saboda kunyar ɗaukar 'yar jaka, da ƙin bayyana wa abokai larurarsu, da kuma halin zamewa zuwa bayan gida su kaɗai idan suka fara jin wani iri. Mai anafilaksis a kulle a bayan gida, ana tsakiyar wasa kowa ya mai da hankali kan fili, ba shi da mai ganinsa. Dokar da ya kamata matashi ya ɗaure wa kansa ita ce aƙalla aboki ɗaya ya san komai, kuma ba ya barin kujerarsa shi kaɗai idan jikinsa ya canza.

Ko da allurar ta yi aiki har mutum ya ji garau, wasan ya ƙare gare shi a ranar. Ƙarfin adiranalin yana gushewa cikin ɗan lokaci, kuma a wasu mutane ciwon yana dawowa bayan sa'o'i ba tare da sun sake taɓa gyaɗa ba. Dole ne a wuce asibiti a motar ɗaukar marasa lafiya, a miƙa wa ma'aikatan alƙalamin da aka yi amfani da shi tare da lokacin da aka yi allurar, a zauna ƙarƙashin kulawa har likita ya sallama, sannan a karɓi sababbin allurai kafin a koma gida.